Tambaya da Amsa: Soson Mariƙin Babur da Gajiyar Hannu

Da yawa daga cikin wasiƙun da suka shigo wannan fili a makonnin nan sun tsaya ne a kan abu guda, wato soson nan mai siffar bututu da ake zurawa a kan robar mariƙin babur domin hannu ya ji taushi. Mun taƙaita waɗanda muka zaɓa ba tare da mun taɓa ma'anarsu ba, kuma garin mai tambaya kawai muka ambata.

Tambaya: Malam, ni ɗan kabu-kabu ne, Bajaj Boxer nake hawa, kuma daga safe har magariba ina bisa hanya. Idan yamma ta yi sai yatsuna su yi minjirya, musamman na hannun dama, har wani lokaci ba na jin kuɗin da fasinja ya miƙo mini sosai. Na ga wasu abokan sana'a sun sa soso a mariƙinsu, suna cewa yana maganin wannan. Shin gaskiya ne, ko kuwa ado ne kawai? (Daga Sakkwato)

Amsa: Ɗan'uwa, soson ba ado ba ne, yana da amfani na gaske, sai dai amfanin nasa bai kai yadda masu sayar da shi suke zuzutawa ba, kuma ba ta hanyar da yawancin mutane suke zato yake aiki ba. Domin ka gane abin da zai iya yi maka, sai mu fara duba abin da yake wahalar da hannun naka.

Jijjigar da take isa tafin hannun mai babur iri biyu ce. Ta farko daga inji take fitowa. Boxer ɗinka, kamar yawancin baburan da suka cika hanyoyinmu irin su TVS da Jincheng da Haojue, silinda ɗaya gare shi, wato fistin guda ne yake hawa yana sauka, babu wani na biyu da zai daidaita motsinsa. Idan inji yana juyi 3,000 a minti ɗaya, fistin ɗin yana hawa ya sauka sau 50 ke nan a kowane sakan, idan kuwa ka buɗe totur ya kai juyi 6,000, to ya zama sau 100. Wannan karkarwa tana bin jikin ƙarfen babur ta hau zuwa kansa, ta ƙare a daidai inda ka damƙe. Ta biyu kuwa daga hanya take zuwa, wato dukan da tayar gaba take sha a rami ko a gargadar hanyar burji, kuma shi duka ne mai nauyi wanda yake ɗaga kan babur gaba ɗaya. Soso mai kaurin milimita 4 ko 5 ba shi da abin da zai yi wa irin wannan duka, domin da zarar ya zo sai soson ya lotse har ƙarshe, ƙarfin ya wuce zuwa wuyan hannu da gwiwar hannu. Wannan aikin shoka ne da iskar taya.

Ko a jijjigar injin ma, abin da soso yake sha bai kai rabi ba. Akwai ma'auni na ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 10819, wanda da shi ake gwada safar hannu kafin a yarda a kira ta mai rage jijjiga. Abin da ya nema shi ne safar ta rage aƙalla kashi 40 cikin 100 na jijjiga mai sauri ƙwarai, wadda take kaɗawa sau 200 zuwa 1,250 a sakan, amma a tsakanin sau 25 zuwa 200 kashi 10 kawai ya nema, saboda abu mai taushi maras kauri sosai ba ya iya taɓuka abin kirki a wannan mataki. Ka ga kuwa babbar karkarwar injinka, wadda muka lissafa sau 50 zuwa 100, a nan ƙasa take. Abin da soso yake ɗaukewa shi ne siririyar karkarwar nan mai ƙaiƙayi da take bin saman fata, kuma rashinta kaɗai yakan sa mutum ya ji bambanci tun ranar farko.

Babban amfaninsa a wani wuri yake, wato a ƙarin kauri. Wanda ya taɓa ɗaukar bokitin ruwa mai siririn mariƙin waya ya san yadda yake yankar yatsu, ya kuma san cewa idan aka naɗa tsumma a mariƙin sai ɗauka ta yi sauƙi, alhali nauyin ruwan bai ragu ba. Robar mariƙin babur irin naka kaurinta yakan kasance wajen milimita 30 zuwa 33, idan aka zura soso sai ya tashi zuwa kusan 40. Nauyin da kake ɗorawa a kan hannu sai ya bazu a fili mai faɗi maimakon ya taru a layi ɗaya na tafin hannu, inda jijiyoyin ji suke wucewa zuwa yatsu.

Game da hannun dama da ka ce ya fi damunka, dalilin a fili yake. Hannun hagu yana samun hutu tsakanin canjin giya da canjin giya, amma na dama yana kokawa da sifirin ɗin totur tun daga lokacin da ka tashi har ka tsaya, domin da zarar ka sassauta sai totur ya koma. Idan kaurin mariƙi ya tashi daga milimita 32 zuwa 40, ƙarfin da ake buƙata a riƙe totur a wuri ɗaya yana raguwa da kashi ɗaya cikin biyar. Kuma tun da soso yana kama fata fiye da tsohuwar robar da ta suɗe ta yi santsi, ba sai ka matse ba kafin ka riƙe. Wannan sassaucin riƙo shi ne ribar gaske, saboda gwargwadon yadda ka damƙe ƙarfe mai karkarwa, gwargwadon yadda karkarwar take shiga ƙashi da jijiya ke nan, kuma matsewar kanta tana rage gudun jini a yatsu.

Don haka shawarata ita ce ka gwada, tun da abu ne maras tsada wanda ake cirewa idan bai yi ba. Amma ka sa ido a kan kanka, domin mutumin da ya shekara da shekaru yana shaƙe mariƙi yakan ci gaba da shaƙe soson ma, ya lotsa shi har ya zama kamar babu, sa'an nan ya ce an cuce shi. Ka riƙa ɗan lanƙwasa gwiwar hannu, ka bar wuyan hannunka a miƙe, kada ya karye ƙasa, ka kuma yi amfani da lokacin jiran fasinja ka saki mariƙin ka motsa yatsu.

Tambaya: Ni ma'aikaciya ce, ina zuwa aiki da ƙaramin babur irin wanda mata suka fi hawa a nan. Tafin hannuna ya fara yin kanta, sai maigidana ya sayo mini soso. Tun da aka sa shi nake jin kamar birkin gaba ya yi mini nisa. Ko zan saba da shi? (Daga Maraɗi)

Amsa: Malama, wannan ba abin da za a jira a saba da shi ba ne, gara a cire shi tun yau. Duk milimitar da soso ya ƙara a tsakanin tafin hannunki da ƙarfe, ya ƙara ta ne a tazarar da yatsunki za su miƙa kafin su kamo hannun birki. Mai dogayen yatsu ba zai ji wannan ba, amma mai ƙaramin hannu sai ta riƙa kama birki da kan yatsu kawai, ko kuma ta saki totur ta gyara riƙo kafin ta ja. A ranar da yaro ko akuya ya faɗo hanya ba zato, wannan ɗan jinkiri yana iya zama taku da yawa na ƙasa, kuma a yawancin babura birkin gaba shi ne yake ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa.

Masana tsarin kayan aiki sun fi ba da shawarar mariƙin da ake damƙa da dukan hannu ya kasance tsakanin milimita 30 da 45, kuma wurin da kowa zai tsaya a cikin wannan tazara ya danganta ne da girman hannunsa. Ba ki buƙatar ma'auni kafin ki san naki. Ki damƙi mariƙin ba tare da matsewa ba: idan kan babban yatsanki ya taɓa kan manuni ko na tsakiya, kaurin ya yi miki daidai, idan kuwa akwai fili a tsakaninsu, ya yi miki yawa. Mariƙin da ya fi ƙarfin hannu yana gajiyarwa fiye da siriri, domin yatsu ba sa rufewa a kansa, dole sai an ƙara ƙarfi.

Abin da ya fi dacewa da ke shi ne a canza robar mariƙin gaba ɗaya da sabuwa mai laushi wadda kaurinta bai wuce na asali ba, domin sau da yawa tsohuwar robar da rana ta busar ta yi tauri ita ce take kawo kanta. A kuma sa bakanike ya sassauta notin hannun birki ya ɗan juya shi ƙasa, ta yadda idan kin miƙa yatsu a kansa za su yi layi ɗaya da damtsenki, sa'an nan ya ɗiga mai a wayar totur domin murɗawa ta yi sauƙi.

Tambaya: Na sayi soson amma ya ƙi shiga. Bakanikena ya ce a jiƙa shi da fetur ya zurma, wani kuma ya ce a shafa baƙin mai, sa'an nan a ɗiga gam a bakinsa. Wanne ne daidai? (Daga Zariya)

Amsa: Malam, babu na ɗauka a cikin ukun. Fetur yana kumbura wasu nau'o'in roba yana kuma cinye wasu, don haka ko da soson ya shiga yau, ka riga ka rage masa kwana, kuma robar da take ƙarƙashinsa ma ta sha. Baƙin mai da giris sun fi haɗari, domin ba sa bushewa, sai soson ya riƙa juyawa a kan robar, ka murɗa totur bai tashi ba, ko ka saki bai koma tare da hannunka ba. Gam mai kamawa nan take kuwa yana sandarar da soso ya zama kamar ɓawon itace a inda ya taɓa, kuma idan ɗigo ɗaya ya zurara tsakanin bututun totur da ƙarfen da yake juyawa a kai, to an shiga wani aikin na daban.

Matsewar da ka gani da gangan aka yi ta, domin ita ce take riƙe soson bayan ya zauna. Abin da ake buƙata shi ne santsi na ɗan lokaci wanda zai tafi da kansa, kuma ruwa da ɗan sabulu kaɗan ya wadatar. Ka fara wanke robar mariƙin ka cire gumi da ƙurar da suka daskare a kanta. Ka gwada tsawon soson a jikinta, idan ya fi ta tsawo ka yanke da sabuwar reza tun kafin ka sa, yanka ɗaya miƙaƙƙe. Idan akwai dunƙulen ƙarfe a ƙarshen kan babur, a kwance shi tukuna. Daga nan sai ka jiƙa cikin soson da saman robar, ka riƙa tura shi daga baya kana ɗan murzawa, kada ka ja shi daga gaba, domin ja yana sa bututun ya ƙara tsukewa, har ya yage. Idan duk da haka ya ƙi, mai faci zai iya cusa bakin tiyon iskarsa a ƙarƙashin soson ya hura kaɗan, sai ya buɗe ya zame. Bayan ya zauna ka matse ruwan da ya rage, ka bar babur ɗin ya kwana kafin ka hau, domin muddin sabulun bai bushe ba soson zai zame.

Inda nake so ka fi natsuwa shi ne ɓangaren dama. Dole a bar ɗan fili na milimita 2 ko 3 tsakanin bakin soson da gidan maɓallan hon da fitila, haka kuma a ɗaya ƙarshen, domin soso yakan ɗan bazu idan an damƙe shi, kuma idan ya goga wani abu da ba ya juyawa zai iya riƙe totur a buɗe. Kafin ka tayar da inji, ka murɗa totur har ƙarshe ka saki, ya kamata ya koma da kansa nan take, ka ji ƙararsa. Ka karkata kan babur zuwa dama har ƙarshe ka sake gwadawa, ka karkata hagu ka sake. Idan a wani wuri ya koma a hankali, ko sai ka taimaka masa, kada ka hau hanya sai an rage soson. Wannan gwaji ya kamata ya zama ɗabi'a ko bayan makonni, saboda soso yana iya matsawa kaɗan kaɗan ba ka lura ba.

Tambaya: A nan rana tana da zafi ƙwarai, na sa soso sau biyu duk ya ruɓe cikin ɗan lokaci, da damina kuma yana shan ruwa. Yaya zan gane mai kyau? Ko kuwa in naɗa robar tsohon tif kamar yadda wasu suke yi? (Daga Nguru)

Amsa: Ɗan'uwa, soson da ya sha ruwa ya riga ya faɗa maka ko wane iri ne. Akwai wanda ƙananan ramukan cikinsa a buɗe suke, suna haɗe da juna, irin na katifa da na wanke-wanke. Wannan yana tsotse ruwan sama da gumi, yana tara ƙurar hunturu, yana wari, kuma yana lotsewa ya ƙi tashi. Akwai kuma wanda kowane rami a rufe yake da iskarsa a ciki, kuma shi ne aka yi domin wannan aiki. Gane su ba wuya a gaban mai shago: ka ɗiga ruwa a kai, idan ya nutse nan take ka ajiye shi, idan ya tsaya a sama yana gangarowa to mai rufaffen rami ne. Sa'an nan ka danna shi da babban yatsa sosai ka saki, mai kyau zai dawo daidai ba tare da ya bar gurbi ba.

Ko a cikin masu rufaffen ramin ma akwai bambanci, idan ka dace da wanda aka rubuta sinadarinsa a leda. Wanda aka yi da robar EPDM ya fi jure rana, amma ba ya shiri da fetur, wanda aka yi da NBR kuwa ya fi jure mai, amma rana ta fi saurin tsattsaga shi. A gari irin naku, inda zafin bazara yake haura digiri 40, na farkon ya fi dacewa, da sharaɗin ka riƙa goge hannu idan ka sha mai wurin 'yan bumburutu ya taɓa ka. Ka kuma kula kada a sayar maka da na keke. Ƙarfen kan keke da na ƙaramin babur kaurinsu kusan ɗaya ne, wato milimita 22, amma soson keke an yi shi ne ya hau ƙarfe tsirara, ba kan roba ba, don haka idan aka tilasta shi sai ya miƙe ya yi siriri, ya tsage da wuri.

Babu soson da zai daɗe idan babur yana wuni a tsakar rana, saboda haka inuwa, ko ƙyallen da za a yafa a kan mariƙi, yana ƙara masa kwana sosai. A nan ma soso ya yi wa roba fintinkau, domin iskar da take cikinsa tana hana shi miƙa zafi ga fata da sauri, sai ka iya kama shi a lokacin da baƙar roba take ƙuna. Da zarar ya fara marmashewa ko yana juyawa a wurinsa, lokacin canzawa ya yi.

Naɗin tif yana ƙara kauri, wannan gaskiya ne, amma ba shi da taushi, yana santsi idan ya jiƙe, kuma bakin naɗin yana iya warwarewa ya maƙale a gefen totur. Ban ba ka shawararsa ba.

Tambaya: Safar hannu da soso, wanne ya fi? (Daga Damagaram)

Amsa: Idan ɗaya kawai za ka iya saya, Malam, ka sayi safa mai ƙarfi wadda ta yi maka daidai. Wajen rage jijjiga kusan jirgi ɗaya ne ya kwaso su, amma safa tana da aikin da soso ba zai taɓa yi ba, domin duk wanda ya faɗi daga babur tafin hannunsa ne yake fara kaiwa ƙasa. Haɗa safa mai kauri da soso mai kauri kuma yakan sa mariƙi ya fi ƙarfin hannu, ka daina jin totur yadda ya kamata, saboda haka mai son haɗa su sai ya zaɓi safa maras kauri a tafi.

Tambaya: Na sa soso mai kyau, amma har yanzu kan babur ɗina yana kaɗawa har madubi ba ya nuna komai. Da can ba haka yake ba. In ƙara wani soson a kai? (Daga Kontagora)

Amsa: Kada ka ƙara, ɗan'uwa. Maganar da ka yi cewa da can ba haka yake ba ita ce take nuna akwai abin da ya lalace, kuma rufe shi da soso jinkirta gyara ne kawai. Akwai gwaji mai sauƙi da zai nuna maka inda za a fara nema. Ka sami hanya mai kyau wadda babu cunkoso, ka kai gudun da karkarwar take tashi, sa'an nan ka saki totur ka ja kuloci, babur ya ci gaba da gangarawa inji yana juyi a hankali. Idan karkarwar ta ɗauke, daga inji take, idan kuwa ta ci gaba, to a nemi laifin a ƙafafun babur.

In daga inji ne, abin da za a fara dubawa shi ne notunan da suke ɗaure shi a jikin babur, domin suna kwancewa a hankali a hanya mai gargada, kuma noti ɗaya da ya saki ya isa ya kaɗa babur duka. A duba notunan da suke riƙe ƙarfen kan babur da na salansa su ma. Wani lokaci kuma laifin na mahayi ne, wanda yake jan babur a ƙaramar giya inji yana kuka, alhali da ya ƙara giya juyin zai sauka, karkarwar ta lafa. In kuwa daga ƙafa ne, a ɗaga tayar gaba a juya ta a ga ko rim ya lanƙwashe ko wayoyinsa sun saki, a girgiza ta gefe da gefe a ji ko boris ya ci, a kuma duba boris ɗin wuyan babur da man shokar gaba. Sarƙar da aka ɗaure tamau ita ma tana kawo jijjiga, ya kamata a bar mata wasa na kimanin milimita 20 zuwa 30 a tsakiya.

Iskar taya kuwa ita ce aka fi rainawa. Masu faci da yawa da danna yatsa suke auna ta, kuma masu ɗaukar kaya suna son a cika taya har ta yi tauri, alhali tayar gaba da aka cika fiye da kima tana miƙa kowace tsakuwa kai tsaye zuwa hannu. A yawancin ƙananan baburan nan, abin da masu ƙera su suka nema shi ne kimanin 25 a gaba, da 28 zuwa 32 a baya a ma'aunin mai faci, gwargwadon nauyin da aka ɗauka. Ka nemi a sa ma'auni.

Bayan an gyara duk waɗannan, idan saura karkarwar da ta zama halin injin ce, dunƙulen ƙarfen da ake ɗaurawa a ƙarshen kan babur ya fi soso tasiri a kanta, domin ƙarin nauyin yana canza matakin da ƙarfen yake amsa kaɗawar inji. Idan naka ya zo da su kuma wani ya cire, a mayar.

Tambaya: Ni dattijo ne, na haura shekara sittin, ina da ciwon suga, kuma na daɗe ina hawa babur zuwa gona da kasuwa. Yanzu hannuna yakan tashe ni cikin dare ya sage, sai na yarfa shi kafin ya dawo. Da sanyin safiya kuma, idan na hau babur, kan yatsuna biyu yakan yi fari ya daina ji. 'Ya'yana sun ce in sa soso. Zai wadatar? (Daga Jos)

Amsa: Allah ya ƙara lafiya, Baba. Ka sa soson idan ya yi wa hannunka daidai, ba zai cutar da kai ba, amma abin da ka bayyana ya wuce gajiyar hanya, kuma likita ne ya kamata ya gan shi, ba mai shagon kayan babur ba. Minjiryar da take tafiya bayan an sauka an huta daban take da wadda take bin mutum har shimfiɗarsa.

Jijiyoyin ji guda biyu ne suka fi shan matsi a hannun mai babur. Ɗaya tana bi ta wata matsattsiyar kafa a tsakiyar wuyan hannu, ita ce take kai ji ga babban yatsa da manuni da na tsakiya da rabin na kusa da ƙarami. Idan ta matsu, alamarta da aka fi sani ita ce wannan da ka faɗa, wato farkawa cikin dare da sagaggen hannu wanda sai an yarfa shi. Ɗayar tana bi ta gefen tafin hannu ta wajen ƙaramin yatsa, daidai inda mutum yake jingina nauyinsa a mariƙi, kuma ita ce take sa ƙaramin yatsa da rabin maƙwabcinsa su mutu. Saboda haka kafin ka je asibiti ka lura da waɗanne yatsu ne suke sagewa, domin likita zai tambaya. Ciwon suga yana sa jijiyoyi su fi saurin jin matsi, kuma shi kansa yana iya lalata su, galibi ya fara daga ƙafafu, don haka ka gaya wa likitan idan tafin ƙafarka ma yana yin haka.

Farin da yatsu suke yi a sanyi kuwa magana ce ta jijiyoyin jini, waɗanda suke tsukewa su hana jini isa kan yatsa, sa'an nan idan ɗumi ya dawo yatsan ya yi zogi. An daɗe da sanin alaƙar wannan da jijjiga. Wani likita ɗan Italiya mai suna Giovanni Loriga ya bayyana shi a shekarar 1911 a wurin masu aiki da gudumar iska, kuma a 1918 likita Alice Hamilton ta bincika shi a tsakanin masu sassaƙar dutse a garin Bedford na jihar Indiyana a Amurka. Lamarin ya kai ga Tarayyar Turai ta kafa doka a 2002 wadda ta ƙayyade yawan jijjigar da ya halatta hannun ma'aikaci ya sha a aikin awa 8. Abin da aka fahimta tun daga wancan lokaci shi ne lahanin taruwa yake yi a hankali cikin shekaru, kuma idan ya yi nisa ba ya komawa gaba ɗaya, amma idan aka rage jijjigar da wuri yakan tsaya, wani lokaci ma ya yi sauƙi. Akwai wasu cututtukan da suke kawo irin wannan fari ba tare da jijjiga ba, kuma wannan ma dalili ne na a yi gwaji.

Kafin ka samu ganin likita, ka sani sanyi ne yake tayar da wannan fari, kuma a Jos, inda wasu safiyoyin Disamba da Janairu sukan sauko kusa da digiri 10, iskar da take dukan hannun mai babur tana ƙara masa kaifi. Ka sa safar hannu mai ɗumi tun kafin ka fita, ka rufe ƙirji da wuya sosai domin jiki idan ya ji sanyi daga yatsu yake fara janye jini, kuma in hali ya yi ka jinkirta fita har rana ta ɗan ɗaga. Idan kana shan taba, barinta yana cikin abubuwan da suka fi taimakawa, saboda tana tsuke waɗannan ƙananan jijiyoyin jinin. Doguwar tafiya kuma a raba ta, a riƙa tsayawa ana sauka. Idan ka fara lura abu yana suɓucewa daga hannunka, ko maɓallin riga yana gagararka, ko tsokar gindin babban yatsa tana ramewa, to a bar wa ɗaya daga cikin yaran tuƙin ya riƙa kai ka, har sai likita ya duba hannun ya faɗi abin da ya gani.